Wane Kwale-kwale da Wane Inji Suka Dace da Su a Ruwan Legas?

Assalamu alaikum, Malam. Ka ce kai mutumin Yawuri ne, ka taso kana su a tafkin Kainji, yanzu kuma kana zaune a wajen Ikorodu, ka tara 'yan kuɗi kana so a ƙera maka kwale-kwale ka ɗora masa inji domin ku riƙa fita ku uku da kalli. Abokanka sun ce kada ka kuskura ka sayi injin da ƙarfinsa bai kai na doki 40 ba, kai kuma zuciyarka ba ta kwanta ba. Ni makanikin injin kwale-kwale ne, na shafe fiye da shekara 20 ina wannan aiki a bakin ruwan Legas, saboda haka zan gaya maka abin da zan gaya wa ƙanena uwa ɗaya uba ɗaya.

Idan a cikin tafkin Legas za ka yi aiki, tsakanin Ikorodu da Epe da kewayensu, kwale-kwalen katako mai tsawon ƙafa 24 zuwa 28 da inji mai doki 15 sun ishe ka, har da sauran ƙarfi a ajiye. Inji mai doki 40 na mai fita teku ne. Amma ba na so ka ɗauki wannan a matsayin umarni, ina so ka ga lissafin da idonka, domin kai ne za ka riƙa sayen fetur kowace safiya, ba abokanka ba.

Abin da ake fara dubawa shi ne ruwan, kuma ruwan Legas biyu ne, har Yarabawa sun raba musu suna: tafkin suna kiransa osa, tekun kuma okun. Tafkin yana da faɗi ƙwarai amma ba shi da zurfi, yawancinsa bai wuce mita 2 ba, in ban da hanyar manyan jirage da ramukan da masu haƙar yashi suka bari. Ruwa marar zurfi mai faɗi irin wannan, idan iskar yamma ta taso, yakan yi igiyoyi gajeru masu tsini, suna zuwa a jere ba tazara, kuma su ne suke jiƙa ƙaramin kwale-kwale har ya cika. Sannan akwai abin da ba ka saba da shi a Kainji ba, wato cika da janyewar ruwa sau biyu a yini, kowanne kusan awa 6. A can wajen Ikorodu ba ya yin ƙarfi sosai, amma a ƙarƙashin gadar Carter da mashigar da ta haɗa tafkin da teku, ruwan yana gudu kamar kogi. Da rani gishiri yana hawa cikin tafkin, da damina kuma kogin Ogun da sauran koguna su zubo ruwan daɗi, su taho da ciyawar nan mai shuɗin fure da ke yawo a kan ruwa kamar kainuwa, wadda ta fara shigowa ta rafin Badagiri a shekarar 1984, har yau kuma tana toshe bakin ruwan Ikorodu a ƙarshen kowace damina. Duk waɗannan suna da ta cewa a zaɓin jirgi da inji.

Bayan ruwa sai kaya. A nan ne na fi ganin mutane suna ruɗin kansu, domin sukan auna kwale-kwale yana fanko a bakin gaɓa, alhali ranar da ta fi haɗari ita ce ranar da aka yi kamu mai kyau. Mu ƙaddara kwale-kwalenka mai ƙafa 26 ne, wato kusan mita 8, katakonsa ya sha ruwa ya kai kilo 450. Ku uku kun kai kilo 210. Kalli jiƙaƙƙe da darmarsa da igiyoyinsa a ce kilo 100, inji da fetur kilo 70, kular ajiye kifi da ƙanƙararta kilo 80, kifi kuma, idan Allah ya ba da sa'a, kilo 150 na karfasa da tarwaɗa da sauransu. Idan ka haɗa, ka ɗan haura tan 1. Da wannan nauyin gaba ɗaya a ciki, ya kamata bakin jirgin ya rage sama da ruwa da taƙi ɗaya da rabi, kusan santimita 30, a wurin da ya fi ƙasa. Idan maƙerin jirgin ya gama aiki, ka zuba buhunan yashi daidai wannan nauyi, ku shiga ku uku a bakin gaɓa, ka auna da hannunka kafin ka biya cikon kuɗi. Na sha ba mutane wannan shawara, kaɗan ne suke bi, kuma ban taɓa ganin wanda ya bi ya yi nadama ba.

Dalilin da ya sa nake cewa ƙafa 24 zuwa 28, ba ƙafa 18 ko 20 ba, ya shafi yadda jirgi yake tafiya. Kwale-kwalen katako mai kaya yana tura ruwa ne da ƙirjinsa, ba ya tashi ya zame a saman ruwa kamar jiragen faiba masu ɗaukar fasinja. Jirgin da ke tura ruwa yana da iyakar gudun da yake kaiwa cikin sauƙi, kuma tsawon jikinsa da ke cikin ruwa ne yake yanke wannan iyaka. Wanda tsawonsa a ruwa mita 4 ne, iyakarsa kusan kilomita 9 a awa. Mai mita 6 yana kai kusan 11, mai mita 9 kuma kusan 13 da rabi. Siririn kwale-kwale yana ɗan wuce hakan, amma ƙa'idar tana nan. Ka ga ke nan dogon jirgi ya fi gajere gudu da inji iri ɗaya, ya fi shi ɗaukar kaya, ya kuma fi shi kwanciya a kan gajerun igiyoyin tafkin, domin yana hawa biyu ko uku a lokaci guda maimakon ya faɗa tsakaninsu. Kuɗin da za ka ƙara na katakon ƙafa 6 sau ɗaya za ka biya shi. Faɗi kuwa, ƙafa 5 a tsakiya ya wadatar. Idan ya gaza haka zai riƙa rangaji lokacin da mutum biyu suka tsaya gefe ɗaya suna jan kalli, idan ya zarce da yawa zai yi wa inji nauyi.

To, idan jirgi ya kai wannan iyaka tasa, duk ƙarfin da ka ƙara ba ya zama gudu sai kaɗan. Gindin jirgin zai nutse, hancinsa ya ɗaga, ya riƙa jan babbar igiyar ruwa a bayansa, kuma wannan igiyar da feturinka ake yin ta. A taƙaice, ninka gudun irin wannan jirgi yana buƙatar ƙarfi kusan ninki takwas. Ma'aunin da nake amfani da shi ga injin da ake ratayawa a bayan kwale-kwale shi ne doki 8 zuwa 10 a kan kowane tan na nauyin jirgi da kayansa. Naka da ya ɗan haura tan 1 yana buƙatar doki 9 zuwa 11, saboda haka mai doki 15 zai kai ka iyakar gudun jirgin ba tare da ka murɗe totur har ƙarshe ba, ya bar maka rara domin ranar da iska ko janyewar ruwa ta tare ka.

Yanzu ga lissafin fetur, wanda shi ne ainihin maganar tun da aka cire tallafi a ranar 29 ga Mayu, 2023. Inji mai bugu biyu, wato wanda ake gauraya masa fetur da baƙin mai, idan an murɗe shi gaba ɗaya yana shan kusan rabin lita a awa a kan kowane doki. Mai doki 15 yana shan lita 7 da 'yan kai, mai doki 25 kusan lita 11, mai doki 40 kuma kusan lita 20. A ce wurin da kake zuba kalli yana da nisan kilomita 12 daga inda kake ɗaure jirgi. Da mai doki 15 a kashi uku cikin huɗu na totur, kana tafiyar kilomita 12 a awa kana shan kusan lita 5, zuwa da dawowa awa 2 ke nan, lita 10. Da mai doki 40 a murɗe, mu yi masa adalci mu ce ya tura jirgin ya kai kilomita 20 a awa, zuwa da dawowa minti 72, lita 24. Ka sami rarar minti 48, ka biya ta da lita 14. Idan kana fita kwana 20 a wata, lita 280 ke nan, ban da baƙin mai sama da lita 5 da za a gauraya a ciki. Ka buga wannan da farashin litar yau, ka kwatanta da abin da 'yan kasuwar kifi suke ba ka a kan daro ɗaya. Wani zai ce ai sai ya sayi 40 ɗin ya riƙa tafiya a hankali. Gaskiya ne zai rage sha, amma ba zai sauko daidai da 15 ba, kuma inji mai bugu biyu da ya daɗe yana tafiya a ƙasa yana tara baƙi a fulogi; ban da haka, ban cika ganin hannun da ke riƙe da totur ɗin 40 ya iya haƙuri ba.

Akwai kuma nauyi. Mai doki 15 bai kai kilo 40 ba, mutum ɗaya yana saɓa shi a kafaɗa ya kai gida da dare, abin da ya zama dole a nan, domin satar inji a bakin ruwa ba sabon abu ba ne. Mai doki 40 ya haura kilo 70, sai mutum biyu, kuma wannan nauyin duka a ƙarshen gindin jirgi yake zama. Wata shekara wani bawan Allah ya kawo mini 40 na hannu ya ce in ɗora masa a kan kwale-kwale mai ƙafa 20. Na gaya masa jirgin ba zai ɗauka ba, ya nace, ni kuma na biye masa, abin da har yau yake damuna. Da ya zauna a baya ya kama totur, tazarar da ta rage tsakanin katakon gindi da ruwa ba ta wuce yatsu huɗu ba. Bayan 'yan makonni suna dawowa da yamma da kifi, jirgin fasinja ya wuce su da gudu, shi kuma ya sassauta totur farat ɗaya domin ya tari igiyar, sai ruwan da ke biye da shi a baya ya hau ta gindin ya shigo. Allah ya sa wurin ba zurfi, ruwan iya ƙirji ne, suka tsira da rayukansu, amma kifi da kalli sun tafi. Da aka kawo mini injin washegari, na kwance fulogi na juya shi, ruwan tabo ne yake fitowa ta ramin. Tun daga ranar na daina ɗora inji a kan jirgin da ban auna ba.

Idan kuwa zuciyarka tana ga teku, to maganar ta sauya gaba ɗaya, kuma a nan abokanka suna da gaskiya. Mai fita teku ko dai ya ratsa igiyar da ke karyewa a bakin yashi, kamar yadda masunta suke yi a gaɓar Ibeju-Lekki da Badagiri, ko ya bi mashigar da manyan jirage suke bi zuwa Apapa, inda ruwan tafki mai janyewa yake karo da igiyar teku. A wurare biyun ana buƙatar ƙarfin da zai fizgi jirgi cikin 'yan daƙiƙoƙi tsakanin igiya da igiya, kuma wannan shi ne aikin doki 40. Jirgin ma daban ne: ƙafa 33 zuwa 40 ko fiye, mai dogon hanci da bango mai tsayi, irin manyan kwale-kwalen mutanen Gana waɗanda ake sassaƙa gindinsu daga itace guda sannan a ɗora katako, da yawansu kuma a gefe ake rataya musu inji. Dokar kamun kifi a teku ta 1992 ta hana manyan jirage masu jan taru yin aiki a cikin mil 5 na ruwa daga gaɓa, sama da kilomita 9 kaɗan, domin a bar wa masu kwale-kwale, amma hakan bai sa wurin ya zama mai sauƙi ba, musamman daga Yuni zuwa Satumba lokacin da teku take hauka. Ina roƙonka, idan can kake so, ka fara yin kaka ɗaya a matsayin ma'aikaci a jirgin mutanen Ilaje ko Egun ko na Gana kafin ka sa kuɗinka. Sanin ruwa da kuka gada a Yawuri gaskiya ne, amma karanta igiyar teku ilimi ne na daban, kuma a jiki ake koyonsa. Mai doki 25 yana tsakiya, ya dace da wanda jirginsa ya kai ƙafa 30 yana ɗaukar tan 2 ko fiye a cikin tafki, ko mai haɗa su da dakon kifi daga Epe.

Kan nau'in inji, Yamaha Enduro mai bugu biyu shi ne ya fi yawa a bakin ruwan nan, Suzuki da Tohatsu ma suna nan kuma injuna ne masu kyau. Abin da zan ce ka duba shi ne wanda makanikin unguwarku ya iya, wanda kuma za ka sami kayan gyaransa a ranar da ka nema, domin injin da ya kwana mako biyu yana jiran robar famfo ya cinye ribar wata. Inji mai bugu huɗu, mai ɗakin baƙin mai daban kamar na mota, yana rage shan fetur da kusan kashi ɗaya cikin uku, ba shi da hayaƙi da ƙara, amma ya fi tsada, ya fi nauyi, ba ya jure feturin da ya sha ruwa ko datti, kuma idan aka kwantar da shi ta gefen da bai dace ba, baƙin mai yana gangarawa cikin silinda. Ga mutumin da zai riƙa cire inji kullum yana sayen fetur a jarka, ni na fi natsuwa da mai bugu biyu. Injunan kwaikwayo masu araha kuwa, wasu suna yin aiki shekara ɗaya ko biyu, sai dai giyarsu da ƙarfen jikinsu ba sa jure gishiri, kuma araha ba ta ado.

Wani abu da ake yawan mantawa shi ne tsawon ƙafar inji. Akwai gajeriya, ta katakon gindi mai tsayin inci 15, da doguwa, ta mai inci 20. Faifan da ke saman farfela ya kamata ya zo daidai da ƙasan jirgin ko ya sauka ƙasa da shi da kamar inci 1. Idan ya yi sama, farfela za ta riƙa shan iska, inji ya yi ihu jirgi bai tafi ba, famfon ruwa ma ya rasa ruwa. Idan ya yi ƙasa da yawa, kana jan ƙarfe a banza, kana kuma sharar tabo da shi a wurare marasa zurfi. Saboda haka ka yanke shawarar inji kafin maƙeri ya yanka katakon gindi. Ni na fi son a ɗaga gindin a sa doguwar ƙafa, domin inci 5 ɗin nan su ne suke hana ruwan baya shigowa. Farfela ma ba ɗaya ba ce. Waɗannan injuna an yi su ne su juya tsakanin 4,500 da 5,500 a minti idan an murɗe su, kuma jirgi mai nauyi yana son farfela mai ƙaramin taku, wato tazarar da take ci gaba a juyi ɗaya. Rage inci 1 a takun yana ƙara juyi 150 zuwa 200. Idan ka ji inji yana nishi da kaya bai kai muryarsa ba, sau da yawa farfela ce ta yi masa girma, kuma sauya ta ya fi sayen babban inji sauƙi nesa ba kusa ba.

Idan na hannu za ka saya, ka je da makanikin da ka amince da shi, ba wanda mai sayarwa ya kawo ba. A kwance ƙusar giya ta ƙasa a ga man: idan ya fito fari-fari kamar an zuba madara, ruwa yana shiga. A auna matsin silinda biyun, su zo kusa da juna. A duba lambar jikin inji ta dace da ta rasit, domin kada ka sayi na sata ka shiga hannun hukuma. Kada ka yarda da gwaji a cikin duro kaɗai, inda kusan kowane inji yake tashi lafiya. A rataya shi a jirgi mai kaya a yi tafiyar rabin awa.

Da ka samu, gauraye shi ne rayuwarsa. Abin da aka saba a waɗannan injuna shi ne kashi 50 na fetur da kashi 1 na mai, wato rabin lita a tankin lita 25, sabon inji kuma a ninka masa man a awa 10 na farko, amma ka tabbatar da abin da littafin naka ya ce. Ka yi amfani da man injin ruwa mai alamar TC-W3, ba baƙin man mota ba. Idonka kuma kada ya bar siririn ruwan da inji yake tsartuwa ta baya. Tafkin nan cike yake da leda, kuma leda ɗaya ta ruwan sha idan ta manne a ramukan shan ruwa na ƙafar inji, tsartuwar za ta tsaya, cikin 'yan mintoci kan inji ya yi zafin da ba ka iya taɓawa, fistin ya kama. Da ka ga ta tsaya, kashe inji, ɗaga ƙafar, cire ledar da hannu. Da rani, lokacin da gishiri ya hau, ka wanke cikinsa da ruwan daɗi bayan kowace fita, kada kuma ka shafa fenti a kan guntun ƙarfen zinki da ke kusa da farfela, domin an sa shi ne gishiri ya ci shi a madadin injin. Shi ma jirgin, a ruwan gishiri akwai tsutsar da ke huda katako ta ciki wadda ba ku da ita a Kainji, sai ka nemi katako mai tauri irin loko ko opepe, ka riƙa jawo shi tudu yana bushewa ana shafa masa kwalta.

A cikin kuɗin da ka ware, kada duka su tafi a jirgi da inji. Ka bar na rigar kariya daga nutsewa guda uku, filafili biyu da gora, anga da igiya mai tsawo, bokitin kwalfe ruwa, tocila, fulogi biyu da farfela ta ajiya. Fetur kuma a raba shi uku, kashi ɗaya na zuwa, ɗaya na dawowa, ɗaya ba a taɓa shi, musamman a watan Disamba da Janairu da hazo yake rufe gaɓa mutum ya yi ta kewaye. Ka je ofishin hukumomin kula da hanyoyin ruwa, wato NIWA ta tarayya da LASWA ta jihar Legas, ka ji abin da ake buƙata na rajista, sannan ka gabatar da kanka ga shugabannin masunta na bakin ruwan da za ka riƙa ɗaure jirgi, kamar yadda baƙo yake zuwa gaban Sarkin Ruwa a gida, domin akwai wuraren da wasu suka kafa tarkunansu tun kaka da kakanni, kuma su ne za su fito nemanka idan dare ya yi ba ka dawo ba.

Idan ka sami maƙerin da za ka ba aikin, ka turo mini tsawon da faɗin da kuka yi magana a kai, da tsayin katakon gindi, da nauyin kallinka idan ya jiƙe, sai in gaya maka takun farfelar da za ka nema. Allah ya sa albarka a cikin sana'ar, ya tsare ku a kan ruwa.